Labulen Gadon Jariri Ba Da Allura Ba

 Da aka roƙe ni in rubuta wani abu a littafin makaranta na bana, sai na ga ya dace in yi magana a kan wani ɗan ƙaramin aikin hannu da nake koya wa 'yan aji uku a darasin tattalin gida, wato labulen da ake zagaya wa ƙasan gadon jariri. Turawa siket suke kiransa, domin yakan sauko daga gindin katifa zuwa kusa da ƙasa kamar yadda siket yake sauka a jikin mace. Wani zai ce wannan ai ba abin da za a ɓata takarda a kansa ba ne. To, a yi mini haƙuri a karanta zuwa ƙarshe, gama a wurin gadon jariri ado da rai suna kusa da juna ƙwarai.

Abin ba baƙo ba ne a wurinmu. Waɗanda suka tashi a zamanin gadon ƙarfe mai rumfa za su tuna yadda iyayenmu mata suke sakaya yadi a ƙasan gado domin ya ɓoye akwati da kwanuka da takalman zuwa sujada. Dalilin bai sake ba har yau. Yawancinmu ba mu da wani ɗaki dabam na jariri irin wanda ake gani a hotunan Amurka da Ingila. Ɗaki ɗaya ne, a ciki uwa take, a ciki jariri yake, a ciki kuma ake karɓar masu zuwa barka. Ƙarƙashin gadon yaron shi ne ma'ajin bahon wanka da sabulu da tsummokin jego. Labule yakan rufe wannan duka, ɗaki ya fito tsaf. Kada kuma kowa ya ji kunyar ɗaki ɗaya, domin Ƙungiyar Likitocin Yara ta Amurka da kanta tana ba da shawara jariri ya kwana ɗaki ɗaya da iyayensa, a nasa gadon, aƙalla wata 6 na farko.

Na fara yin irin wannan labule ne saboda wata ƙanwata da ta yi cikin fari a lokacin da albashin mijinta ya yi wata da watanni bai fito ba. Kafinta ya riga ya haɗa musu gado, amma kuɗin tela babu, keken ɗinki kuma babu a gidan. Na lura damuwarta ba ta yaron kaɗai ba ce, har da abin da mata za su ce ranar suna. Da yawa daga cikin 'yan matanmu sukan ci bashi domin wannan yini guda, su yi shekara suna biya. Sai muka ɗauko wani zanen atamfa da ta daina ɗaurawa, muka zauna da almakashi da dutsen guga, kafin la'asar aiki ya kammala. Tun daga lokacin na sa shi cikin abin da nake koyarwa, na kuma nuna wa matan Zumunta a ikilisiyarmu.

Ga yadda ake yi. Da fari a auna gado da tef, kada a yi da ka. Irin gadon da ake kawowa daga waje yakan ɗauki katifa mai tsawon inci 52 da faɗin inci 28, kafintocinmu kuma da yawa wannan awo suke bi. Sai a auna daga katakon da katifa take zama a kai zuwa ƙasa. A ce an sami inci 14. A cire inci 1 domin kada labulen ya taɓa ƙasa, a ƙara inci 1 na kalmasar ƙasa, a ƙara inci 3 na ninkin sama, ya zama inci 17 ke nan. Gefe uku kawai za a rufe, gaba da kai da ƙafa, tun da bayan gadon yana jingine da bango.

Yadi 2 ya isa, wato zane ɗaya daga cikin turmin atamfa mai yadi 6. Yadi 2 inci 72 ne, faɗin atamfa kuwa ya haura inci 40, saboda haka za a fitar da dogayen ƙyallaye biyu masu faɗin inci 17, har a sami saura. Ƙyalle na farko a bar shi da tsawonsa, shi ne na gaba. Na biyu a raba shi biyu, inci 36 kowanne, domin kai da ƙafa. In yadin sabo ne, lalle a wanke shi tukuna a shanya a goge, domin auduga takan tsuke a wankin fari, sitacin da ke jikin sabon yadi kuma yakan hana gam kamawa.

Gam ɗin da nake nufi shi ne siririn farin nan mai kama da saƙar gizo-gizo, wanda ake sayarwa a naɗe a wurin masu kayan teloli, ana yin kalmasa da shi. A ninke bakin ƙyalle, a goge shi ya kwanta, a sa gam a cikin ninkin, a shimfiɗa ɗanyen tsumma a sama, sa'an nan a danna dutsen guga mai zafi kamar daƙiƙa 10. Dannawa ake yi ana ɗagawa, ba a jan dutsen, in ba haka ba gam ɗin zai goce. Zafi yakan narkar da shi ya shiga zaren yadin ta sama da ta ƙasa, in ya huce sai ya riƙe kamar ɗinki. Kada dutsen ya taɓa gam ɗin kai tsaye, zai manne masa. Dutsen gawayi yana yin aikin daidai da na lantarki, don haka ɗauke wuta ba hujja ba ce.

A sama kuwa sai a ninke inci 3, a sa gam a bakin ninkin kaɗai, a bar rami a tsakiya kamar ƙubakar wando. A zura igiya mai ƙarfi a ciki, a ɗaure ta tamau a ƙafafun gado, a ƙarƙashin katakon katifa. Da yake ƙyallen ya fi gadon tsawo, in aka tura shi a kan igiyar sai ya tattaru da kansa, ya yi kyau kamar tela ne ya yi masa tattara. A yanke sauran igiyar gajere, kada a bar ta tana lilo. Wasu sukan kafe yadin da ƙananan ƙusoshin allo ko fil, amma ni ba na yarda da wannan a ajina. Ƙusa takan fita ta faɗi, yaro mai rarrafe kuwa duk abin da ya tsinta baki yake kai shi.

Yanzu na zo kan abin da ya sa na zaɓi wannan magana. Duk shekara, da zarar ɗalibai sun ga labulen ya yi kyau, sai su ce, "Malama, sauran ƙyallen mu yi wa jaririn ɗan matashin kai, mu kuma lulluɓe sandunan gadon da soso kada ya buge." Nufinsu mai kyau ne, amma amsata kullum a'a ce. Ado yana tsayawa a ƙasan katifa. Daga katifa zuwa sama, wurin yaro ne da numfashinsa.

Jariri na watannin farko ba shi da ƙarfin ɗaga kai ya kawar da fuskarsa in ta nutse cikin abu mai laushi. Akwai mutuwar da takan ɗauki jarirai farat ɗaya cikin barci, an kwantar da yaro lafiya, a wayi gari babu shi. A 1992 likitocin yara na Amurka suka ba da shawara a daina kwantar da jarirai rubda ciki, a 1994 kuma aka shiga yi wa iyaye shela a ƙasar a riƙa kwantar da su rigingine. Cikin shekaru kamar 10 irin wannan mutuwa ta ragu da fiye da rabi a can. Ba wani sabon magani aka gano ba, kwanciya kawai aka sake. A 2011 ƙasar ta hana sayar da gadon da gefensa yake zamewa ƙasa, domin jarirai sukan maƙale a tsakanin gefen da katifa. A 2022 kuma aka kafa doka ta hana sayar da sosan da ake zagaya wa cikin gado. Ina faɗin wannan ne domin kayan gwanjo suna shigowa kasuwanninmu, abin da aka ƙi a wani wuri yana iya isowa gare mu da araha, mu ɗauka mun yi sa'a.

Saboda haka ga abin da nake gaya wa kowace mai ciki da kowane kafinta. Katifa ta zama mai tauri, ta cika gadon, kada yatsu fiye da biyu su shiga tsakaninta da katako. Tsakanin sanda da sanda kada ya wuce santimita 6, domin jikin yaro yana iya zurarewa kansa ya maƙale. Zanen gado ya kama katifa sosai. Babu matashi, babu 'yar tsana, babu tulin bargo. In sanyin hunturu ya yi yawa, a ƙara wa yaro riga a jikinsa, ya fi a jibga masa mayafi.

Abu guda da ya wajaba ya rufe gadon daga sama shi ne gidan sauro mai magani. Bisa ga rahotannin Hukumar Lafiya ta Duniya, wajen kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya a Nijeriya suke, yawancin waɗanda cutar take kashewa kuma yara ne 'yan ƙasa da shekara 5. A soke bakin gidan sauron ƙarƙashin katifa ta kowane gefe, a ja shi ya miƙe, kada ya sauko kan fuskar yaro. Wannan ma yana cikin dalilan da suka sa na fi son a ɗaure labule a ƙafafun gado, domin ba ya tare wurin da gidan sauro zai shiga. Uwar da kuɗinta bai isa duka biyu ba, ta sayi gidan sauro ta bar labule. Rigakafi ya fi magani.

Labulen kansa yana da nasa sharaɗi. Wurin da aka rufe yakan yi duhu, duhu kuwa shi sauro da kyankyaso da kunama suke so. A riƙa ɗage shi ana shara kowace safiya, a kwance shi a wanke da hannu in ƙura ta hau. Kada a ajiye kalanzir ko maganin ɓera ko ƙwayoyin asibiti a bayansa, gama yaron da yau yake kwance, bayan 'yan watanni shi ne zai ɗaga labulen ya leƙa. Fitila da kyandir da maganin sauro mai hayaƙi su yi nesa da shi, yadi ba ya wasa da wuta.

In muka duba Littafi Mai Tsarki, za mu ga gadaje biyu na jarirai waɗanda babu tela a cikin labarinsu. A Fitowa sura 2, mahaifiyar Musa ta ɓoye shi wata 3, da ta kāsa sai ta ɗauki kwando ta shafe shi da abin da zai hana ruwa shiga. Hankalinta yana kan abin da zai tsare ran yaron. A Luka sura 2, Maryamu ta naɗe Mai Cetonmu da ƙyallaye ta kwantar da shi a komin dabbobi, domin ba su sami masauki ba. Babu wata mai jego a cikinmu da ɗakinta ya kai wannan rashi, duk da haka a can makiyaya suka je suka same shi. Wannan ya isa ya kwantar wa 'yan matanmu da hankali game da abin da masu zuwa barka za su ce.

Ga ku ɗalibai masu fita bana, maza da mata, ina da roƙo. Ba da daɗewa ba za a yi haihuwa a gidajenku, ko yaya, ko matar wa, ko maƙwabciya. Ba sai kuna da albashi za ku taimaka ba. Dokas ta Yafa, wadda aka ba da labarinta a Ayyukan Manzanni sura 9, da tufafin da hannunta ya yi gwauraye suka tuna da ita. Ku nemi tsohon zane mai kyau, ku auna, ku goge, ku ɗaure. In kun gama, ku duba cikin gadon, in kun ga matashi ku ɗauke shi cikin ladabi ku bayyana dalili, in babu gidan sauro ku yi magana. Samari kuma kada ku ce aikin mata ne, tef da almakashi ba su san namiji ko mace ba, uban da ya san tazarar sandunan gado kuwa kafinta ba zai cuce shi ba.

Ubangiji ya tsare 'ya'yanmu cikin barcinsu da farkawarsu, ya ba iyaye hikima, ya kuma sa albarka a kan aikin hannuwanku. Amin.