Warin fetur a hanyar Ƙonni

Daga Sakkwato zuwa Illela, a bakin iyaka kan hanyar Ƙonni ta Nijar, tafiyar kimanin kilomita 85 ce, ta Kware da Gwadabawa. Na sauka ran Lahadi, ranar kasuwa, kara ta cika maƙil da shanu da raƙuma. Amma abin da ya fara tarbar hancina fetur ne. 'Yan bumburutu sun jera kwalabe da galan a bakin titi, 'yan kabu-kabu na tsayawa ana ɗura musu da mazurari. Na ga wani yaro ya zuƙi tiyo da baki don janyo mai daga jarka, ya tofar, ya goge leɓe da hannun riga, ya ci gaba da ciniki.

Wannan sana'a ta ga jiya ta ga yau. An rufe iyaka a Agustan 2019, kwastan suka hana kai mai ga gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, aka buɗe iyakar a Disambar 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023. Jarka dai ba ta daina yawo ba.

A bayan tasha na tarar da mai fentin mota yana feshi, ya dama fenti da tina, ya ɗaure hanci da tsumma. Kusa da shi mai faci ya buɗe gwangwanin sholisho. Tururin fetur na ɗauke da sinadarin benzin, wanda aka tabbatar yana jawo sankarar jini; tina da sholisho kuwa galibi toluwin ne a ciki, shi ke sa jiri da ciwon kai, shi ne kuma yaran da suka lalace ke shaƙa. Tsumma ƙura kawai yake tarewa.

A Jamus da Holan, tun shekarun 1980 masana'antu ke tace irin wannan iska da ƙwayoyin bakteriya. Ana cika babban akwati da ruɓaɓɓen taki da ɓawon itace, a jiƙa, fanka ta turo gurɓatacciyar iskar ta ƙasa. Tururin ya narke a danshin, ƙwayoyin su cinye shi, abin da ke fita ta sama iska ce irin wadda muke fitarwa in mun yi numfashi, da ruwa. Ba ƙonawa, ba sinadari mai tsada. Taki kuwa, in kana tsaye a karar Illela, sai dai ka ɗaga ƙafa kada ka taka.

To, ina gizo ke saƙar? Akwatin na son danshi kullum, ga shi a watan Afrilu zafin nan kan wuce digiri 40; in ya bushe, ƙwayoyin sun daina aiki. Babbar matsalar ma ita ce sai an killace tururi an bi da shi ta bututu kafin a tace. Mai bumburutu a fili yake, ba wanda zai sa wa titi bututu. A ganina wurin wannan dabara shi ne masana'antun Sharaɗa da Challawa a Kano, sai kuma mai fenti in ya samu rufaffen ɗakin feshi da fanka. Shi wanda na gani a gindin dogonyaro yake aiki, kuma da na yi masa zancen, abin da ya tambaye ni shi ne wa zai biya kuɗin wuta.