Karen Ruwa da Baƙin Mai

Mu 'yan aji shida ne. Da aka ce kowane aji ya kawo rubutu ɗaya na bana, sai muka zaɓi labarin wata dabba da har yau ba mu taɓa gani ido da ido ba.

Abin ya faro ne wata Laraba da ruwa ya tsare mu bayan an tashi. Kun dai san ruwan Duwala a watan Agusta, idan ya tsinke ba mai zuwa ko'ina. Malam ya fito da wayarsa ya nuna mana bidiyo: wata dabba kwance rigingine a kan teku, ta ɗora dutse a ƙirji tana fasa katantanwa a kai. Wani ya ce mage ce, wani ya ce a'a, gafiya ce ta ƙoshi. Sunanta na Hausa kuwa sai a New Bell muka samo shi, wajen kakan ɗaya daga cikinmu, wanda ya tashi a Garwa, bakin Binuwai. Ya kalli hoton ya ce, "Ai karen ruwa ne wannan. Ku 'yan Duwala, Hausarku ruwa ya tafi da ita."

Wanda muka gani a waya na teku ne, yana zaune a gaɓar Amurka, Rasha da Japan, inda ruwa ke da sanyi kamar ƙanƙara. Ba shi da kitse mai kauri da zai tare masa sanyi, gashinsa ne kawai rigarsa. A ɗan wurin da bai wuce farcen yatsa ba za a iya samun gashi har 150,000, wato fiye da na kan mutum gaba ɗaya. Iska ce ke maƙalewa a cikin gashin, ruwa ba ya taɓa fata. Shi ya sa yake wuni yana gyaran jiki, kuma yake cin abinci kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsa kullum.

Wannan gashin ne ya jawo masa. Tun daga 1741 mafarauta suka bi shi saboda fatarsa, har ya rage bai fi 2,000 ba a duniya kafin a hana farautarsa a 1911. A 1989 kuma jirgin dakon mai, Exxon Valdez, ya fashe a Alaska, dubbai suka mutu. Mai ya manne gashin, iska ta fita, sanyi ya kashe su.

Abin da ya fi burge mu shi ne yadda ake renon marayunsu a wani gidan dabbobin ruwa na Monterey, a Kalifoniya. Ma'aikata sukan rufe fuska da jiki da baƙaƙen kaya don kada jaririn ya saba da mutum. Sannan a haɗa shi da wata macen da ba ita ta haife shi ba, ta koya masa nitso da fasa katantanwa, in ya girma a mai da shi teku. Wata 'yar ajinmu ta ce, "Ashe su ma suna da riƙo." Dama tana son a kamo mata ɗaya ta ajiye a baho, tun ranar ba ta sake maganar ba.

To, ashe mu ma muna da namu a Kamaru. Akwai mai ɗige-ɗige a wuya, wanda da ido yake farautar kifi, don haka sai ruwa ya yi garau yake samun abinci. Akwai kuma wanda yatsunsa kamar na mutum, yana lalube cikin taɓo ya zaro kaguwa da tana. Masunta dai ba sa shiri da su, gaskiya, don suna yaga koma su cinye kamu. Mu ma da mu ne da komar, ba za mu yi dariya ba.

Washegari Malam ya sa muka kawo gashin kaza biyu. Ɗaya muka tsoma a ruwa, muka karkaɗe, ya bushe. Ɗayan muka shafa masa baƙin man inji. Ya lanƙwashe kamar tsumma, har da sabulu bai dawo daidai ba. Ajin ya yi tsit, don mu biyar a cikinmu muna koyon gyaran babur bayan makaranta, kuma mun san inda baƙin man benskin yake zuwa in an juye shi. Cikin kwata. Da hannunmu muke zubawa. Ruwan Duwala kuwa, daga PK 14 har New Bell, ƙarshensa kogin Wouri ne ko Dibamba.

Sai muka nemo jarkoki. Masu gidan mutum uku sun yarda a riƙa tara man, tunda masu yankan katako da inji sukan saya. Na huɗu ya ce ba ruwansa, a yi yadda aka ga dama. Na biyar ya yi dariya ya ce wa yaronsa, "Kai da aka kawo ka koyon sana'a, yau kuma kare kake wa hidima?" Yaron bai ce komai ba, babba ne. Yanzu a gwangwani yake tara nasa a ɓoye, ya kawo ranar Asabar.

Zuwa yau jarka uku sun cika, suna bayan aji kusa da wurin alwala. 'Yan ƙananan aji, don Allah kada ku taɓa. Kaka ya ce in muna son ganin karen ruwa sai da sassafe, kuma sai mun iya rufe bakinmu. Muna roƙon iyayenmu su bar mu mu bi Malam zuwa Yupwe a hutun nan, mu tambayi masunta ko har yanzu suna ganinsa.