Furen da ke jiran kowa ya gama: ziyararmu lambun asta a Colwall

Gidan da muke haya a Birmingham yana da ɗan fili a jikin katangar baya, bai fi shimfiɗar tabarma uku ba. Da muka tare, mun tarar da wata shuka a wurin, dogayen karare da siraran ganye, ba fure ba 'ya'ya. Saura ƙiris in tuge ta in zuba alayyafo. Maƙwabciyata, wata dattijuwar Baturiya, ta leƙo ta saman shinge ta ce in yi haƙuri zuwa Satumba. Asta ce, in ji ta.

Ta kuwa yi fure, shunayya mai ɗigon rawaya a tsakiya, a daidai lokacin da sauran furannin unguwa suka bushe. 'Yata, wadda har lokacin ba ta daina tambayar yaushe za mu koma gida ba, ta mayar da shukar tata. Kullum kafin makaranta sai ta ƙirga ƙudan zuman da ke kai. Shekarar da ta biyo baya sai ganyen ya yi fari fat kamar an barbaɗa masa gari, na ƙasa ya ƙone. Yarinya ta sa kuka, wai furenta zai mutu. Shi ya sa da na gama aikin dare na mako guda, na ɗauke ta muka hau jirgin ƙasa.

Colwall ƙauye ne a gindin tuddan Malvern ta ɓangaren yamma. Jirgin da ke zuwa Hereford yana bi ta Worcester da Great Malvern, sannan ya kutsa cikin ramin da aka haƙa a ƙarƙashin tudu. Yana fitowa daga duhun nan sai ga ƙauyen, shiru kamar an yi ruwa an ɗauke. Daga tasha da ƙafa muka ƙarasa.

Sunan wurin Picton Garden. Wani mutum, Ernest Ballard, shi ya fara renon asta a nan a 1906, daga baya Percy Picton ya karɓa, kuma iyalinsa ke riƙe da wurin har yau. Akwai asta iri sama da 400. Asalin sunan daga yaren Girka ne, ma'anarsa tauraro. Turawan Ingila kuma suna danganta furen da bikin Michaelmas na ranar 29 ga Satumba, domin a tsakanin nan yake cika.

Lambun ba wani girma gare shi ba, amma 'yan'uwa, ban taɓa ganin shunayya kala-kala haka ba, ko a shagon atamfa. Wata ta yi duhu kamar baba, wata ta koɗe ta kusa zama fara, ga ruwan hoda, ga ja. Wasu iya gwiwa, wasu sun kai kafaɗata. Hanyoyin ƙanana ne, sai kin karkace ki wuce, ƙudan zuma da malam-buɗe-littafi ko a jikinsu.

A nan na gane ciwon tawa. Yawancin waɗannan furanni daga Arewacin Amurka aka kawo kakanninsu, kuma manyan dangi biyu ne. Dangin New York ganyensu sumul yake, su ne farar fumfuna ke yawan kamawa. Dangin New England ganyensu na da kaushi, ba kasafai take kama su ba. Na shafa ganye, na san tawa 'yar New York ce. Abin da ke jawo cutar kuwa ƙishi ne da cunkoso. Jikin katanga ruwan sama ba ya isa sosai, ni kuma ina ganin ƙasar da ba ta rabo da yayyafi ba sai na yi ban-ruwa ba. Abin kunya, ma'aikaciyar jinya guda, majinyaci yana gabana da ƙishirwa ban lura ba.

Maganin ba wuya. A watan Maris ko Afrilu, duk bayan shekara biyu ko uku, a tono gindin gaba ɗaya, a yanki sabbin tsiron gefe a sake dasawa da tazara, tsohon tsakiyar a yar. A zuba taki, a zaɓi inda rana ke samu. Da bazara a riƙa ba ta ruwa a gindi. A ƙarshen Mayu a rage tsawon karan da kashi ɗaya cikin uku don ta yi rassa, kada iska ta kwantar da ita. Fumfunar tana ɓata ganye ne, da wuya ta kashe shukar. Wannan kaɗai 'yata ta riƙe, ta yi ta maimaita shi har tasha.

A jirgi muka kira Hajiyarmu ta bidiyo, yarinya ta nuna mata tukunyar 'yar New England da muka saya. Hajiya ta ƙura ido, ta ce, “To, ana miya da shi?” Na ce a'a. Ta ce Allah ya kyauta.

Tsohon gindin yana nan sai Maris. Maƙwabciyata ta riga ta ce in ajiye mata yanki biyu, kuma ita za ta ara mana shebur.