Diffa: Garin da Ya Fi Ƙarfin Asusunsa

Motar da ta bar tashar Damagaram da asuba ba ta sauke mu a Diffa ba sai da rana ta karkata. Tafiyar ta haura kilomita 450 a kan kwaltar nan da ta taso tun daga Yamai. Bayan Mirya da Gidimuni da Gure, gonakin hatsi suka fara ja baya, tuddan rairayi suka karɓi hanya, nan da can kuma sai ka hango kwari cike da dabino da goruba, inda mutanen Gudumariya ke haƙar kanwa. A kowane shinge sai a sauko, a nuna katin ɗan ƙasa, a koma mota.

Daga Maine Sorowa, mahaifar marigayi Shugaba Tandja Mamadu, fuskar hanyar ta canza. Dama da hagu bukkoki ne na zana da kara da tamfol da rana ta cinye launinsa, wasu kuma sun riga sun zama ɗakunan laka da ƙofar kwano. Wani dattijo da ke gefena ya riƙa nuna min su da haɓa, yana kiran sunayen garuruwan da mazauna kowane sansani suka baro a bakin kogin Komadugu. Mutum yana barin gidansa, amma sunan garinsu da bulamansu suna biye da shi duk inda ya yada zango.

Ranar 6 ga Fabrairun 2015 'yan Boko Haram suka kai hari Bosso da Diffa, kwanaki kaɗan bayan haka gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci a jihar. A watan Mayun shekarar aka kwashe mazauna tsibiran Tafkin Chadi, a Yunin 2016 kuma Bosso ta sake watsewa. Alƙaluman Majalisar Ɗinkin Duniya sun nuna cewa 'yan gudun hijira daga Najeriya da waɗanda suka bar gidajensu a cikin gida sun haura mutum 250,000, a jihar da ƙidayar 2012 ta ba mutum ƙasa da 600,000. Akwai sansanin Sayam, mai nisan kimanin kilomita 40 daga gari, amma mafi yawan jama'a ba can suka nufa ba. Gidajen 'yan uwa suka shiga, ko suka kafa rumfa a bayan gari da gefen kwalta. Birnin da a 2012 mazaunansa ba su wuce 40,000 ba sai ya wayi gari da sababbin unguwanni irin su Awaridi. Abin da ya kawo ni ke nan: in ga wa ke ba waɗannan mutane fili da ruwa da aji, da kuɗin wa, kuma wa ke duba lissafin.

Na fara da kasuwar tattasai, domin nan ne jijiyar arzikin kwarin Komadugu. Tun kafin ka shiga, yajin ya riga ya same ka a maƙogwaro. Buhuna ne jibge sun fi tsayin mutum, 'yan dako sun ɗaure hanci da ƙyalle, dillalai na tsoma hannu cikin buhu su murza busasshen tattasai su ji ƙararsa kafin su faɗi farashi, galibi da naira, don a nan naira ta fi sefa yawo. Can gefe ɗan tikiti na biye da kowace mota da ɗan littafinsa, yana yaga yana miƙawa. Wannan 'yar takardar da ake yagawa ita ce abincin ƙaramar hukuma. Kuɗin rumfa, kuɗin tasha, kuɗin cinikin dabba, da lanho da masu gari ke tarawa gida-gida, su ne ginshiƙin abin da ma'aikatar magajin gari ke samu da guminta.

Dokar ta-ɓaci a kan wannan abincin ta faɗa. An hana hawa babur, 'yan kabu-kabu suka zauna. An hana cinikin tattasai da kamun kifi saboda zargin cewa maharan na karɓar haraji a kansu, an taƙaita takin zamani, an rufe manyan kasuwanni irin na Gagamari da Kinjandi. Sai a ƙarshen 2017 aka sassauta wa tattasai, kifi kuwa sai 2019. Ke nan a daidai lokacin da masu neman ruwa da magani suka ninka, a lokacin ne tikitin ya ƙafe. Wanda kuma ya gudo da tabarma da tukunya, da wane ido za a dube shi a ce ya biya lanho? Rigar yaro ce aka ce ƙato ya sa.

A wata rumfar mai shayi na zauna da wani tsohon kansila, mutum mai furfura da son bayani dalla-dalla. Na ce, “Alhaji, a takarda ai dokar ta ba ku ƙarfi.”

Ya yi dariya. “Malam, takarda ba ta haƙa rijiya. An ba mu aiki, ba a ba mu guzuri ba.”

Ya bi min tsarin daki-daki. An yi zaɓen da ya kafa majalisun ƙananan hukumomi a Nijar a watan Yulin 2004. Jihar Diffa na da ƙananan hukumomi 12, daga Gudumariya zuwa Ngurti, daga Shetimari da Geskeru zuwa Tumur da Bosso. Dokar 2010 ta tanadi cewa majalisa ta yi zama huɗu a shekara, ƙofa a buɗe ga duk mai son saurare. A tsarin wancan lokaci, magajin gari ne ke kawo daftarin kasafi, kansiloli su tattauna su kaɗa ƙuri'a, firefe ya duba ko an bi doka. Sarakuna da 'yan majalisar dokoki na yankin a lokacin suna da kujera da bakin magana, amma ba su da ƙuri'a. Dokar ta kuma ce a ware aƙalla kashi 45 cikin ɗari na kuɗin shiga na yau da kullum don ayyukan raya ƙasa. A 2016 gwamnati ta miƙa wa ƙananan hukumomi wani ɓangare na ilimi da lafiya da ruwa da muhalli, akwai kuma hukumar ANFICT da aka kafa don tallafa musu da kuɗi. Sai dai in an biya albashi da man mota da bashin bara, in ji shi, abin da ya rage ba ya gina aji uku. Da lissafi ya ƙi fita, ido sai ya koma kan abu guda da kowace ƙaramar hukuma ke iya mayarwa kuɗi nan take, wato ƙasa.

A faɗin Nijar, yanka filaye ya daɗe da zama saniyar tatsa, kuma ya tura magadan gari da dama gaban alƙali ko ya raba su da kujera. Abin da ya bambanta Diffa shi ne an yi ƙoƙarin juya wannan hanyar ta amfani wanda ba shi da komai. Hukumar HCR mai kula da 'yan gudun hijira, da tallafin Tarayyar Turai tun daga 2017, ta haɗa kai da ƙananan hukumomi bakwai a kan wani shiri da ya ƙudurci raba filaye 6,000 da gina gidaje 4,000. Ana zama da masu gonakin bayan gari, a auna, a fitar da tituna da wurin makaranta da asibiti da kasuwa. Sai a kasa sauran: kaso ga masu gona a matsayin diyya, kaso ga ƙaramar hukuma ta sayar ta sami kuɗin aiki, kaso kuma kyauta ga marasa ƙarfi, 'yan gudun hijira da 'yan gari talakawa a cakuɗe, don kada a kafa unguwar baƙi zalla.

Na shiga ɗaya daga cikin irin waɗannan gidaje da rana tsaka. Ginin tubalin laka ne, rufin ma laka ce aka lanƙwasa, babu azara ko ɗaya. A ƙasar da itace ya yi ƙaranci kuma rairayi ke cin gonaki, wannan ba ƙaramin tunani ba ne. A waje zafi na dukan ƙeya, a ciki kuwa har mutum ya ji barci na fizgarsa. Matar gidan, tsohuwa daga wani ƙauyen bakin kogi, ta jawo wata jakar leda daga ƙarƙashin katifa, ta warware ƙyalle biyu, ta fito da takardar filin mai hatimi. Ba ta iya karanta ta ba, amma ta san inda sunanta yake, ta ɗora yatsa a kai.

Na ce, “Iya, to yanzu hankali ya kwanta?”

Ta ce, “Ɗan nan, kwana dai ya samu. Amma je ka ga layin pampo.”

Na je. Jarkoki masu ruwan ɗorawa ne jere, kowace an ɗaura mata ƙyalle ko an ƙona mata alama don kada a musanya, yara mata na zaune a kansu suna jiran ruwan da ke zuwa sirara. Wanda ba zai iya jira ba sai ya saya wurin 'yan ga-ruwa. Mutanen nan ba su manta da 2017 ba, lokacin da cutar hanta mai bin gurɓataccen ruwa ta ɓarke a sansanonin jihar, ta fi yin ɓarna a kan mata masu ciki. A nan na ga iyakar taimakon baƙo. Ƙungiya za ta gina gida, ta haƙa rijiyar burtsatse, ta ɗauki hoto, wa'adinta ya cika ta naɗe tabarma. Ranar da injin ya tsaya, ko magudana ta toshe, ko aji ya cika ya batse, ƙofar magajin gari za a buga.

Daga nan na gangara Bagara, inda ake auna hawan kogi. Komadugu Yobe ita ce iyakar Nijar da Najeriya na tsawon kimanin kilomita 150 kafin ta faɗa Tafkin Chadi kusa da Bosso, amma ruwanta daga nesa yake. Daga kogin Jama'are yake tasowa da na Haɗeja, wanda ya biyo ta madatsun Tiga da Challawa a ƙasar Kano, ya yi ta jan ƙafa cikin fadamun Haɗeja da Nguru. Shi ya sa ambaliyar Diffa ke zuwa bayan damina ta ɗauke, sama tas, tattasai na tsaye a gona. A Oktoban 2019 ruwan ya raba kimanin mutum 23,000 da gidajensu, a 2022 ya sake dawowa. Na ga ragowar buhunan rairayi da aka jera don tare shi, sun fashe, ciyawa ta tsiro a kansu. Wani manomi ya nuna min zanen da ruwan ya bari a bangon ɗakin injin ban-ruwansa, daidai ƙirjina. Ƙaramar hukumar Geskeru ba ta da ta cewa a kan ƙofar madatsar da ke Kano. Abin da ke hannunta shi ne kada a yanka wa talaka fili a hanyar ruwa, a kuma ware kuɗin gyaran ganuwar kogi tun kafin kaka. Ayyuka ne da ba a yanka musu ƙyalle a taro, shi ya sa su ake fara sokewa in kasafi ya matse.

Abin da ke ƙona ran mutanen Diffa shi ne jiharsu ba matalauciya ba ce. Daga rijiyoyin Agadem ake tura mai zuwa matatar Damagaram tun 2011, daga Agadem ɗin kuma bututun da ya kusa kilomita 2,000 ya miƙe zuwa gaɓar teku a Benin. Dokar man fetur ta ce kashi 15 cikin ɗari na kuɗin da ƙasa ke samu ta wannan fanni ya koma ga hukumomin yankin da ake haƙowa, kuma ƙungiyoyin farar hula irin su ROTAB sun sha kokawa kan jinkirin biyansa. An ga abin da kuɗin gwamnatin tsakiya ke iya yi lokacin bikin Diffa N'Glaa na 18 ga Disamban 2021, da ya bar wa garin sababbin tituna da gine-gine. Amma biki sau ɗaya yake zuwa, shara kuwa kullum ake zubarwa.

Su ma kujerun masu sa ido ba su zauna daram ba. Kansilolin da aka zaɓa a Janairun 2011 an yi ta tsawaita musu wa'adi har Disamban 2020, kuma a daren jajibirin wannan zaɓen aka kai hari Tumur, aka kashe aƙalla mutum 27, aka ƙona ɗaruruwan gidaje. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, Janar Abdurahamane Tiani ya rusa majalisun ƙananan hukumomi a watan Afrilun 2024, ya naɗa kantomomi, da yawansu masu kaki. A rumfunan shayi na ji masu cewa gara haka, an huta da rigimar jam'iyyu da cinikin ƙuri'ar tsige magajin gari. Na kuma ji masu cewa da can ko ba komai ka san gidan kansilan unguwarku, kana iya tare shi a ƙofar masallaci ka faɗa masa magana.

Ni dai abin da na gani bai ba kowane ɓangare cikakkiyar gaskiya ba. Zaɓe shi kaɗai bai hana a sayar da filin makaranta a garuruwan ƙasar nan ba, kaki shi kaɗai kuma ba ya sa lissafi ya fito fili. Tambayoyin da mai jiran pampo ke da haƙƙin jin amsarsu ba su da yawa: nawa tikitin kasuwar tattasai ya tara a bana, filaye nawa aka sayar kuma nawa suka kawo, nawa ya iso daga kason mai, me aka yi da shi? Ba a buƙatar tallafin Turai kafin a liƙa wannan a bangon ma'aikata, a karanta shi da Barbarci da Hausa da Fulatanci a gidan rediyon gari, a kira bulamomi da shugabannin mata su yi tambaya. Mutumin da ya ga inda dalarsa ta shiga ba ya ɓuya in ɗan tikiti ya doso, kuma da irin wannan dalar ce za a gyara pampon Awaridi ranar da motocin ƙungiyoyi suka kama hanyar Yamai.