Agege: Ina Ruwan Sama Zai Bi?

Mai karatu, in ka je Agege a watan Yuni, ɗauke ido daga gadar Pen Cinema ka dubi ƙasa. Daga Zango zuwa bakin layin dogo, inda kakanninmu fataken goro suka yada zango, da wuya ka ga filin da siminti, kwalta ko kwanon rufi bai lulluɓe ba.

A gona, ƙasa ce ke shanye ruwan sama. Nan kuwa an toshe mata baki. Abin da ya sauko daga rufi sai ya afka kwata lokaci guda, ya tarar ta cika da ledar fiya wata da fararen robobin zuba abinci, irin waɗanda gwamnatin Legas ta haramta a Janairun 2024. Sai ya yi ambaliya, ya haɗu da na masai, ya shiga rijiya da fasasshen bututun famfo. Hanyar kwalara ke nan, wadda ta ɓarke a Legas a Yunin 2024. Wanda ya kwanta a lungu kuwa, kwana 10 sun ishi sauro ya hayayyafa a ciki.

Ku haɗu da maƙwabta ku yashe kwata kafin Afrilu, ku maimaita in ruwa ya tsagaita a Agusta. Ku ɗaga bakin rijiya, ku rufe ta, ku tafasa ruwan sha. Uwargida, ajiye ƙullin ORS a gida: guda ɗaya a lita 1 ta ruwa mai tsabta. In gudawa ta zama kamar ruwan shinkafa, a fara ba shi, a garzaya asibiti, kada a jira gari ya waye.