Kano Ko Birnin Kudu: Wane Zafin Zan Ɗauka?

Idan ka ji mutum ya ce zafi ya ishe shi zai yi ƙaura, to ka san inda ya dosa, ko dai Jos ko tsaunin Mambila. Wannan shawara ce mai sauƙi, ko yaro ya yanke ta. Wadda ke hana ido barci ita ce ta zaɓi tsakanin garuruwa biyu da rana ɗaya ke gasawa. To irinta ce ta tsaya mani a wuya watannin nan, shi ya sa na ga ya dace in baje ta a wannan fili, don na san akwai marubuta da 'yan fim da yawa a Jigawa, Katsina, Bauchi da Zamfara da ke fama da irin wannan tunani.

Ni dai malamin makaranta ne a Birnin Kudu, Hausa nake koyarwa, kuma ina ɗan taɓa rubutun littattafan hikaya. Wani kamfanin shirya finafinai a Kano, ba sai na kama suna ba, ya nemi in riƙa rubuta masa labarin fim mai dogon zango. Sharaɗinsu guda ne: in tattara nawa-i-nawa in tare a Kano, domin a cewarsu darakta ba ya son marubucin da sai an yi ta neman sa a waya. Sun ba ni zuwa ƙarshen damina in ba su amsa.

Bari in fara da zafin kansa, tunda shi ne abin da kowa ke fara ambata. Daga Maris zuwa Mayu, Kano da Jigawa duk kanwar ja ce. A watan Afrilu ma'aunin zafi kan haura 40 a jihohin biyu, kuma duk wanda ya yi azumin 2024 a ɗayansu ba ya buƙatar a yi masa bayani. Sai dai kowane gari da yadda zafinsa ke kama mutum. Mu a Birnin Kudu duwatsu ne suka kewaye mu, su wuni suna shan rana, da dare kuma su amayo mana ita. Amma muna da tsakar gida mai faɗi, ga darbejiya, ga randa a gindinta. In dare ya yi sai a yayyafa ruwa a ƙasa, a shimfiɗa tabarma, a ɗaura gidan sauro, kafin asuba har sai ka nemi mayafi. A Kano kuwa, irin gidan da aljihuna zai iya kamawa ciki da falo ne a cikin lungu, gini manne da gini, taga ɗaya, rufin kwano. Ga kwalta na tururi, ga hayaƙin adaidaita-sahu. In an ɗauke wuta, shi ke nan, sai fifita har gari ya waye. Ruwan da za ka watsa wa jikinka ma sai ka tsayar da mai kura ka saya jarka-jarka. Wato dai a Birnin Kudu haƙuri ake sa wa zafi, a Kano kuwa kuɗi ake sa masa.

To me zai sa mai hankali ya bar tabarmarsa ya tafi lungu? Ai mai karatu ya fi ni sani. Kano ce uwar wannan sana'a tamu. A can ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a 1990, fim ɗin da ake ƙirga tarihin bidiyon Hausa daga kansa. A can su Ado Ahmad Gidan Dabino da Hajiya Balaraba Ramat Yakubu suka mai da rubutun hikaya abin da ake rububi a kasuwa. Har gobe in ka bi Titin Gidan Zoo da yamma za ka ga furodusa, darakta, mawaƙi da mai tace hoto a kan benci ɗaya, kuma a irin wannan zama ne ake ƙulla aikin da ba a taɓa tallata shi. A Kano ne marubuci zai je taron ƙungiyar marubuta ya karanta babi guda, a yi masa fata-fata, ya koma gida ya gyara. Ni nan garinmu in na gama babi, maiɗakina ce mai karatu, ita ce mai sharhi, kuma ba ta son ta ɓata mani rai.

Abin da ke ƙara zuga ni shi ne tarihin Alhaji Abubakar Imam. Shi ma malamin makaranta ne a Midil ta Katsina lokacin da ya rubuta Ruwan Bagaja don gasar 1933. Da aka neme shi Zariya bai ce gida ya fi daɗi ba. Ya tafi, a can ya rubuta Magana Jari Ce, a 1939 kuma ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo. Nakan tambayi kaina, da ya maƙale wa alli da allo, yau wa zai san shi in ban da ɗalibansa?

Amma kuma zamanin Imam daban, namu daban. A shekarun 2000 dole ne ka je Kano, domin kasuwar a ƙasa take: kaset da faifai a Ƙofar Wambai da Bata, littattafai a Sabon Gari. Yau wannan kasuwa ta koma cikin waya. Tun da tashar Arewa24 ta fara aiki a 2014, sannan finafinai masu dogon zango irin su Izzar So da Labarina suka kama YouTube da talabijin daga 2020, labari ya daina jiran motar kasuwa. Mata nawa ne ke rubuta littafi a ɗakin aurensu suna sayarwa ta WhatsApp, ba su taɓa taka shagon ɗab'i ba? Gasar Hikayata da BBC Hausa ta faro a 2016 ba ta tambayar a wace unguwa marubuciya take zaune. Ko a zamanin kaset ɗin ma, marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a Disambar 2014, bai yanke cibiyarsa da Wudil da Ɗanlasan ba, kuma duk motar da za ta kai ni Kano sai ta ratsa ta Wudil ɗin nan. Masu fim ne suka riƙa bin sa.

Sai dai kada in yaudari kaina, ni ba Ibro ba ne. Fuskar ɗan wasa ake saye, marubuci kuwa sunansa kan wuce a farkon fim kafin mai kallo ya gyara zama. Kowa a masana'antar nan ya san marubuci ne farkon wanda ake nema, shi ne kuma na ƙarshen wanda ake sallama. In kana kusa ka je ka zauna a ofis har a ji kunyarka. In kana nesa, sai dai ka yi ta jin waya tana ringin. An ce zumunta a ƙafa take, to bashi ma a ƙafa yake.

Akwai kuma wata magana da ba a cika kawo ta ba, ita ce ta takardar asali. Ni a Jihar Kano aka haife ni, ban kuma matsa ko taku ɗaya ba. Ranar 27 ga Agusta, 1991 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta yanke Jigawa daga Kano, muka kwana Kanawa muka tashi Jigawawa, yau kuma muna ƙarƙashin Masarautar Dutse. Harshe ɗaya, tuwo ɗaya, auratayya ɗaya, amma a gaban teburin gwamnati ni baƙo ne a Kano. Aikin koyarwar da nake yi na jiha ne, ba a naɗe shi a jaka a tafi da shi, ga shekarun fansho da na tara. 'Ya'yana in sun girma a Kano, ranar da za su nemi tallafin karatu ko gurbin aiki Dutse za a nuna masu, garin da ba su sani ba, ba a kuma san su ba. Mu Jigawawa mun san wahalar zama da ƙafa biyu. Lokacin da aka ƙirƙiro jihar, ma'aikata da yawa da aka tura Dutse a Kano suka bar iyalansu, Litinin su taho, Juma'a su koma, aka shafe shekaru ana haka. Yanzu ni kuma ana so in yi irin tafiyar, amma a juye.

Kuma jama'a, Birnin Kudu ba ƙauyen da za a gudu daga gare shi ba ne. Muna da Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya, wadda har daga Jihar Bauchi ake zuwa. Kwalejin Gwamnati ta garin nan ita ta yaye Aliko Ɗangote. Ƙasar nan ta ba Jigawa gwamnoni biyu, Ali Sa'ad Birnin Kudu daga 1992 zuwa 1993, da Sule Lamido na Bamaina daga 2007 zuwa 2015. A Dutsen Habude da Dutsen Mesa akwai zanen shanu na mutanen da, wanda masana suka fara rubutu a kansa tun shekarun 1950, ga kuma duwatsun da in ka buga su suke amo kamar ƙararrawa. Nakan hau can da littafin rubutuna in zauna. Wanda ya zana waɗannan shanu bai je ko'ina neman masu kallo ba, ga shi har yau ana zuwa.

Abin da ya fi tsaya mani ma shi ne, ina zan riƙa samo labari? Duk abin da masu karatu suka yaba a littattafaina, a nan na tsinto shi: rigimar gado a zauren kawuna a Gwaram, cinikin riɗi da shanu a kasuwar Sara, hirar mata a layin asibiti, 'yan cin rani da ke dawowa da farkon ruwa. Finafinanmu sun cika da falo, kujerun alfarma da gidan sama, saboda masu rubuta su duk unguwa ɗaya suke kwana. Kamfanin nan da ke nema na, ƙamshin ƙauyen da ya ji a rubutuna ne ya ja shi. In na shekara uku a lungu, anya ƙamshin nan zai saura?

Gida ma an rabu biyu. Maiɗakina, wadda 'yar Kano ce, cewa ta yi, "Malam, tun da aka cire tallafin mai a 2023 albashin nan ba ya kai mu tsakiyar wata. In Allah ya buɗe ƙofa, a shiga mana." Gaskiya ta faɗa. Kawu kuwa, wanda ya yi cin rani a Kano shekaru da dama yana ƙuruciya, dariya ya yi ya ce, "Ɗana, garin da ko da me ka zo an fi ka? A nan in albashi ya ƙare akwai gero a rumbu. A can in ya ƙare, mai gidan haya ne zai yi maka sallama. Kada ka saki reshe ka kama ganye." Inna ba ta ce je ka ba, ba ta ce zauna ba. Da yake ni ne ɗan fari ba ta kama sunana, sai ta dubi ƙanwata ta ce, "Ki tambayi yayanku, in ya tafi wa zai riƙa kai ni awon hawan jini?" Wallahi wannan tambaya ta fi duk lissafin da na yi a takarda nauyi.

Ga inda na tsaya. Na rubuta wa kamfanin cewa ba zan tare ba, amma zan riƙa shiga motar Kano duk yammacin Juma'a in dawo Lahadi, tafiyar da ba ta wuce awa biyu da 'yan kai ba in hanya ta yi kyau, lokacin hutun makaranta kuma ina tare da su har a tashi daga lokeshin. Na ce mu gwada haka zango ɗaya, mu ratsa bazara guda tare. In aikin ya tsaya da ƙafarsa, aka riƙa biya a kan kari, to sai a sake zama a yi maganar ƙaura da iyali. Na san kuɗin mota zai ci rabin abin da zan samu, na kuma san akwai samari goma a Titin Gidan Zoo da za su karɓi aikin nan gobe da safe ba tare da sharaɗi ba. Har zuwa lokacin da nake wannan rubutu ba su ba ni amsa ba.

'Yan'uwa marubuta da suka riga ni yin wannan ƙaura, da waɗanda suka ƙi yi, don Allah ku rubuto ta hannun Edita mu ji yadda ta kaya da ku. Allah ya zaɓa mana abin da ya fi alheri, ya kuma ba mu damina mai albarka, amin.