Yadda Na Yi wa Kabad ɗin Kakata Fenti

Hausawa kan ce rashin sani ya fi dare duhu. Mun sha nazarin wannan karin magana a aji, amma nauyinsa bai sauko mini ba sai ran da na tsaya a ɗakin kakata, a cikin garin Daura, riƙe da gwangwanin fenti. Abin da ya auku a ɗakin nan shi nake so in labarta wa malamaina da 'yan uwana ɗalibai, ko da wani zai tsinci abin da zai amfane shi.

Gidanmu yana cikin tsohon gari, ba nisa da rijiyar Kusugu. A hannun kakata ta wajen uwa na tashi, wadda kowa a gidan ke kira Hajiya, ita kuwa takan kira ni Maigida, bisa wasan jika da kaka. A ɗakinta akwai wani kabad na katakon maɗaci, tsawonsa ya kai ƙafa shida, samansa da ƙyamaren gilashi, ƙasansa da na katako. Marigayi kakana, wanda ƙaramin ma'aikaci ne, shi ya sa aka haɗa mata shi a 1975, sa'ad da aka biya ma'aikata kuɗin Udoji. Mai karatu zai tuna cewa gwamnatin Janar Yakubu Gowon ce ta kafa hukumar Jerome Udoji a 1972 don duba aikin gwamnati da albashi, ta miƙa rahotonta a 1974, aka biya ƙarin har da na watannin baya. Wasu suka sayi babur, wasu rediyo, wasu suka ƙara aure. Rabon Hajiya daga cikin wannan garaɓasa shi ne kabad.

Ya kamata in ɗan tsaya a nan, domin wanda ya tashi a gidan zamani zai zaci kabad kayan kicin ne. A gidan Bahaushe na gargajiya ba haka abin yake ba. Madafa wurin murhu ce da tukwane da hayaƙi, ba a ajiye abin daraja a cikinta. Kayan darajar mace suna ɗakinta, a cikin abin da ake kira jere. Dā can ƙore ne da akusa da faya-fayi ake jerawa a jikin bango, masu hali su haɗa da tasoshin tagulla irin na Bida. Daga baya kwano ya shigo, wanda da fari daga ƙetare ake kawo shi, kafin 'yan kasuwar Hong Kong su kafa masana'antunsa a Ikko da Kano wajen shekarun 1960. Sai langa da fanteka da kwanon sha suka ture ƙwarya, kabad kuma ya karɓi aikin bango. Jere ado ne, amma har ila yau shi ne asusun mace. Ran da buƙata ta taso sai ta zare saiti guda ta ba dillaliya, ran da ɗiyarta ta isa aure kuma daga nan za a fara haɗa mata kayan ɗaki. Saboda haka duk wanda ya taɓa kabad ɗin tsohuwa, dukiyarta ya taɓa.

Duk wannan na san shi a takarda, har na taɓa amsa tambaya a kansa a jarrabawa. Amma da na komo gida hutu a ƙarshen damina, ana shirin Sallar Gani, lokacin da baƙi ke cika Daura don kallon hawa, abin da idona ya gani kawai shi ne tsohon katako mai ruwan ƙasa, ya yi duhu, fentinsa ya tsattsage. Na ƙudurta a raina cewa baƙin Hajiya ba za su tarar da shi haka ba. Na bari sai da ta tafi biki Mai'aduwa za ta kwana biyu, na shiga kasuwa na sayo farin fentin mai da buroshi da kwalbar kananzir. Na sauke kwanonin nan kaf a kan tabarma, na kaɗe ƙura da tsumma, na hau shafe ciki da waje. Da na buɗe ƙyauren ƙasa na hagu na ga wasu zane-zane na fensir da na ƙusa a bayansa, na ɗauka ɓarnar yara ce, na bi ta kansu da buroshi. Kafin la'asar na gama, ina ta yaba wa kaina.

Da gari ya waye fentin bai bushe ba. Kwana biyu, bai bushe ba. Wani wuri ya yamutse kamar fatar tsoho, wani wuri ya zubo ya daskare, inda hannu ke yawan taɓawa kuwa ko kamawa bai yi ba. A haka Hajiya ta komo ta tarar da kayanta a ƙasa, ɗaki na warin kananzir. Ba ta ce kome game da wajen kabad ba. Kai tsaye ta durƙusa ta buɗe ƙyauren hagu, ta daɗe tana duban farin da ya rufe shi, sa'an nan ta ɗago ta ce, "Maigida, ka shafe mini littafi."

Ashe Hajiya ita ce uwar adashin mata goma na unguwarmu, ana zubi kowace Juma'a. Ba ta yi boko ba, don haka bayan ƙyauren nan shi ne kundinta. Kowace mace da alamarta, wata da'ira, wata gicciye, wata ƙafar kaza, a gaban kowace alama kuma jerin sanduna na fensir, sanda guda zubi guda. A ƙasa akwai lissafin kwanonin da maƙwabta suka ara don suna ko biki. Adashin ya yi nisa, an yi kwasa shida, kuma akwai mata biyu da ake bi bashin zubi. Da lissafi ya ɓace sai gardama ta tashi, kowa da abin da ta tuna. Hajiya ba ta yarda a kai maganar gaban mai unguwa ba. Ta zare saitin fanteka guda daga cikin na aurenta ta ba dillaliya, ta cike giɓin da kuɗinta, don kada a ce amana ta salwanta a hannunta. Ba ta zage ni ba, ba ta kuma sake tayar da zancen ba, wannan kuwa ya fi mini ciwo a kan duka. Aka yi Gani da kabad lulluɓe da zane.

Da hutun Disamba ya zo sai na nufi wani tsohon kafinta na unguwarmu, abokin marigayi kakana, na gaya masa abin da na yi. Ya zo ya duba, ya sa farce ya ɓanɓaro fentin kamar ɓawon rogo, ya ce, "Ɗana, fenti ba ya zama a kan dauɗa. Man hannu da hayaƙin turaren wuta na shekara da shekaru ka shafa wa, ba katako ba. Ga shi ka zuba kananzir ya yi yawa, ka kuma yi shi da kauri a lokacin da iska ke da laima." Ya ce aikin fenti kashi huɗu ne, uku na shiri, ɗaya na buroshi.

Kwana shida muka yi. Muka kwance ƙyamaren, muka cire gilasan da mariƙan, ya sa na zuba ƙusoshin kowane ƙyaure a kwanonsa dabam. Muka wanke katakon da ruwan ɗumi da garin sabulu, muka bar shi ya sha iska. Sa'an nan aka shiga kankara da guga da samfefa, mai kaushi da fari, mai laushi daga baya, kullum ana bin yadda jijiyar itacen ta kwanta. Ya hana ni guga a bushe, ya ce in riƙa jiƙa samfefar, in ɗaura ƙyalle a hanci, a kuma kori yara daga wurin. Daga baya na karanta dalilin: tsohon fentin mai yakan ƙunshi dalma, wadda ƙurarta guba ce, musamman ga ƙwaƙwalwar ƙananan yara, shi ya sa Amurka ta hana sa ta a fentin gidaje tun 1978. Ramukan ƙusa muka toshe su da garin katako da aka kwaɓa da gam. Gara kuwa ba ta taɓa jikin maɗacin ba, sai falankin baya kaɗai, shi muka sake.

Muna cikin kankara sai launuka suka fara fitowa ɗaya ƙarƙashin ɗaya. Hajiya ta jawo kujerarta ta zauna tana yi mana fassara. Ruwan ƙasan nan na 2007 ne, shekarar da Sarkin Daura Alhaji Muhammadu Bashar ya rasu, ita ma a shekarar ta fita takabar kakana. Shuɗin da ke ƙarƙashinsa na 1987 ne, shekarar da aka fitar da Jihar Katsina daga Jihar Kaduna, lokacin da aka yi mata kishiya aka gyara mata ɗaki don a rarrashe ta. "Fentin ya yi kyau," in ji ta, "amma ni ban huce ba sai da ya koɗe." Can ƙasa kuma ga koren asali na zamanin Udoji. Tarihin da na yi shekara ashirin ina kwana kusa da shi ban taɓa ji ba, samfefa ta fito da shi cikin yini biyu.

Da muka zo kan ƙyauren hagu, Baba kafinta ya karɓa da kansa, yana bi a hankali da bakin wuƙa. Rubutun fensir ya riga ya tafi har abada. Amma zanen ƙusa, da yake ya shiga cikin itace, sai ya sake bayyana: sanduna takwas a jere can sama, uku daga cikinsu an gitta musu layi. Na tambaya ko wane adashi ne wannan. Hajiya ta ce ba adashi ba ne, 'ya'yan da ta haifa ne, masu layin su ne waɗanda suka koma tun suna goye. Ta ɗora yatsa a kan ta huɗu ta ce, "Ga uwarka nan." Ban san mahaifiyata tana da yayye biyu da suka riga ta zuwa suka riga ta komawa ba sai ran nan.

Muka yi shafen farko siriri, muka bar shi ya kwana, muka goge shi sama-sama, sa'an nan muka yi shafe biyu na ainihin fenti, kwana guda tsakaninsu. Saboda ƙurar hunturu, a cikin ɗaki muka yi aikin, an yayyafa ruwa a ƙasa, an saki labule. Wannan karon na tambayi mai kaya launin da take so, ta ce kore. Bayan ƙyauren hagu kuwa muka bar shi katako tsura, ba a shafa masa kome ba. Ita da kanta ta mayar da jerenta, manya a ƙasa, ƙanana a sama, aka bar gurbin fanteka a buɗe. Na saya mata littafi don lissafin adashi, ta karɓa ta yi godiya, ta sa shi ƙarƙashin langa, ta ci gaba da zana sandunanta a bayan ƙyaure.

'Yan uwana ɗalibai, mu da muke nazarin harshe da al'adun Hausawa mukan zaci abin nazari yana laburare ko bakin wani masani mai nisa. Ga shi ni na shafe kundi guda da hannuna a ɗakin da na tashi, don ban san kundi ne ba. Sunayen kayan jere, da alamomin lissafin matan da ba su yi boko ba, da yadda suke ƙirga shekaru da manyan aukuwa, duk suna nan a ɗakunan kakanninmu, masu su kuwa suna ta ƙarewa. Wanda ya je hutu ya zauna ya tambaya, ya rubuta. Ni dai na fara, na cika rabin littafi da bayanan Hajiya, ina kuma tara kuɗin saitin fanteka daga ɗan guzurina na makaranta.